Na'urar karanta aisin tsohuwar kwamfuta: T48, GQ-4x4, Willem, Data I/O ko haɗin hannu?

Duk mai farfaɗo da kwamfutocin shekarun 1970 da 1980, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya tsaya a kan aisin (IC, ɗan guntun lantarki mai ƙafafu) da ke riƙe da umarnin farko da na'ura ke bi idan an kunna ta. Wani baƙi ne ƙirin babu taga, tun daga masana'anta aka dasa masa abin da ke cikinsa, shi ake kira ROM. Wani kuma yana da 'yar tagar gilashi a gadon baya, an rufe ta da sitika. Mai tagar shi ne EPROM, wanda Dov Frohman ya ƙirƙiro a kamfanin Intel a 1971. Yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da aka kulle a cikinsa, kuma cajin nan yana tsiyaya a hankali kamar ruwa a sabuwar randa. Masu ƙera shi sun yi maganar shekara 10 zuwa 20, ga shi da yawansu sun haura 40. Saboda haka aiki biyu ne a gabanka: ka kwashe abin da ke ciki tun yana karantuwa, sannan ka rubuta shi a wani aisin da zai maye gurbin tsohon.

Na'urorin da ke wannan aiki suna da yawa, kowacce kuma mai tallarta yana cewa tana ɗaukar aisi dubu kaza. Wannan adadi ba shi da amfani a gare ka. Aisi uku ko huɗu ne a kan teburinka, lambobin da ke jikinsu su ne za su zaɓa maka na'ura. Kafin mu shiga, mai gyaran talabijin ko laftof da ke da CH341A a aljihun tebur ya sani cewa ba ta cikin wannan magana. Ita ta ƙananan aisi masu ƙafa takwas ce, dangin 24 da 25. Namu galibi masu ƙafa 24 zuwa 42 ne.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, wutar rubutu. Karanta mafi yawan EPROM bolt 5 kawai yake so, amma rubutu yana buƙatar wuta mai ƙarfi a ƙafa guda, kuma gwargwadon tsufan aisi gwargwadon yawan wutar. 2716 na Intel da 2732 na asali suna son bolt 25. 2732A da 2764 na farko suna son 21. 2764A da mafi yawan dangin 27C, irin su 27C256 da 27C512, suna tsayawa wajen 12.5 zuwa 13. Harafi ɗaya a ƙarshen lamba yana iya zama bambancin bolt huɗu ko takwas. Ka ba mai 21 bolt 25, ka kashe shi. Ka ba mai 25 bolt 18, ko ya ƙi rubutuwa, ko kuma, wanda ya fi muni, ya yi kamar ya rubutu ya zo ya zubar da bayanin daga baya.

Na biyu, wutar da aisin ke ci ko don karatu. 2708, mai KB 1 da ke cikin kwamfutocin S-100 (irin su Altair da IMSAI) da makamantansu, yana son layi uku a lokaci guda: +5, +12 da −5. Na'urar da ba ta fitar da −5 ko karanta shi ba za ta iya ba sai da adafta mai kawo wutar daga waje. 1702A na zamanin Altair, mai bayit 256, ya fi shi rigima, don rubuta shi yana neman kusan bolt 48.

Na uku, tsarin ƙafafu, kuma a nan ne aka fi yin asara. Lamba iri ɗaya ba ta nufin aisi iri ɗaya. TMS2716 na Texas Instruments mai layi uku ne irin 2708, alhali wanda ya yi daidai da 2716 na Intel a wajensu shi ne TMS2516. Ɗauki ƙafa ta 21 kaɗai ka gani: a 2708 ita ce ta −5, a 2716 da 2532 ita ce ta wutar rubutu, a 2732 layin adireshi ne, a 2364 na Commodore 64 kuma wani layin adireshin ne daban. Wanda ya zaɓi 2532 a manhaja alhali 2732 ne a soket, ya aika bolt 25 cikin ƙafar da ba ta san komai ba sai 5.

Na huɗu, kwamfutar da na'urar za ta hau da manhajarta: USB ce ko tsohuwar tashar firinta, Windows kawai ko har Linux. Sai farashi, ƙarko, da irin ɓarnar da kuskure ɗaya zai iya jawowa.

XGecu T48 da 'yan gidansu

Wannan ita ce ake fara ambata, kuma da dalili. 'Yar akwati ce da ba ta fi tafin hannu ba, da soket mai ƙafa 40 mai ɗan hannun kullewa, tana cin wuta daga USB. Farashinta a kasuwannin intanet yana kai-komo tsakanin dala 50 da 70, ya danganta da yawan adaftocin da aka haɗo. Tana kai bolt 25, don haka 2716 da 2732 suna cikin hurumin ta. Tana rubuta EEPROM (mai goguwa da lantarki, dangin 28C) da filash da GAL (aisin lojik da ake tsarawa), tana kuma gwada aisin dangin 74 da ƙananan SRAM, abin da ke rage wa mai gyara zato.

Sai dai a kula da suna, don gidan nan yana da ruɗani. Tsohuwar TL866A da TL866CS suna tsayawa a bolt 21. TL866II Plus da ta gaje su, duk da ta fi su sabunta, ta sauka zuwa 18. Ita ce ta cika hannun mutane, ita ce kuma ke sa su mamakin me ya sa 2732A ya ƙi rubutuwa. Karatu kam tana yi lafiya lau. Idan aikinka karanta tsoho ne ka rubuta a 27C ko 28C, TL866II Plus ta isa, kada ka jefar da ita. Idan yanzu za ka saya, T48 za ka nema. T56 kuwa, wadda ta ninka kuɗin sau biyu ko uku, ƙarin nata ya fi karkata ga NAND da eMMC na kayan zamani. Abin da za ta ƙara wa mai tsohuwar kwamfuta shi ne ɗaukar aisi masu ƙafa 42 kai tsaye, wanda a T48 adafta ke yi, kamar yadda ake bi da 27C800 da 27C160.

Manhajar kamfanin, Xgpro, ta Windows ce. Masu Linux da Mac suna da minipro, buɗaɗɗiyar manhaja da ake sarrafawa da rubuta umarni. Ƙarko matsakaici ne: soket ɗin ne ke fara gajiya, kuma kasuwa cike take da jabun tsofaffin samfurin, waɗanda sabunta manhaja kan iya kashewa.

Haɗari biyu ne a nan. Tsofaffin aisin NMOS suna jan wuta sosai lokacin rubutu, kuma tashar USB ta laftof mai rauni ko doguwar waya siririya tana iya sa aikin ya tsaya a tsakiya. Gajeriyar waya mai kauri da mahaɗin USB mai wutar kansa suna magance mafi yawan wannan. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Akwai wani ɗan akwati a manhaja mai suna "Check ID". Idan yana kunne, na'urar tana ɗora bolt 12 a layin adireshi na A9 don aisin ya faɗi sunansa. Sababbin aisi an gina su da sanin wannan, tsofaffi kuwa ba su san shi ba. To a ce ka ciro ROM ɗin KERNAL na Commodore 64, mai lamba 901227-03, ka ɗora a adafta, ka ce wa manhaja 27C64 ne don ta yarda ta karanta. Muddin ba ka cire alamar akwatin nan ba, ka watsa wa aisin da aka daina ƙerawa wutar da ba tasa ba. Cire alamar tukuna, sannan ka danna karatu.

T48 ba ta ɗaukar 2708 ko TMS2716 ita kaɗai, ba kuma ta ƙona PROM masu fiyus.

GQ-4x4

Ta kamfanin MCUmall ce na Kanada, kuɗinta wajen dala 100. Shekaru da dama ita ce amsar da ake ba duk mai son rubuta 2716, 2732 da 2532 ta USB, saboda tana kai bolt 25 kuma tana da ramin ƙarin wuta daga waje, abin da tsofaffin aisi masu haɗama ke so. Masu gyaran injinan wasa na da sun daɗe da ita. Manhajarta ta Windows ce, kamanninta na da ne, saka direbanta a sabuwar Windows kuma yakan ɗan ba da wahala. Da zuwan T48 fifikonta ya ragu. A ganina wanda zai yini yana rubuta masu bolt 25 ne kawai zai ga amfanin ƙarin kuɗin, saboda wannan wutar ta waje.

Willem

Fanel ne tsirara, cike da 'yan makunnai da gadoji da ake sauyawa da hannu, ana samunsa a dala 25 zuwa 40. Asalin zanen daga Holan yake, amma an kwaikwaye shi iri-iri har ba a iya ƙirgawa. Yana hawa tashar firinta mai ƙafa 25 ta ainihi, wayar da ke juya USB zuwa firinta ba ta yi masa aiki, kuma ya fi jin daɗin Windows 98 ko XP. Kowane aisi sai ka dubi hoton da manhaja ta nuna ka jera makunnan daidai, ka saita wutar rubutu da gada, sannan, idan kana da hankali, ka auna ta da mita kafin ka saka aisi. Gada ɗaya a gurbin da ba nata ba ta isa ta ƙona abin da ka zo ceto. Araha ba ta ado. Wanda yake da shi tun da, da tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa shi, ya ci gaba da abinsa. Sayen sabo a yau ban ga hujjarsa ba.

Tsofaffin na'urorin masana'anta: Data I/O 29B da ire-irenta

Waɗannan su ne injiniyoyin wancan zamani suka yi aiki da su. 29B ta kamfanin Data I/O na jihar Washington a Amurka, ta shekarun 1980, akwati ce mai nauyi da madannai da ɗan allo, ana ɗora mata kai daban-daban: UniPak don ma'ajiyar bayanai, LogicPak don aisin lojik na PAL. Ana shigar da lambar dangi da lambar tsarin ƙafa daga littafinta, ana tura fayil ta tashar RS-232.

Abin da take yi wanda ƙananan na USB ba sa yi shi ne ƙona PROM masu fiyus, irin 82S123, 82S129 da 74S288. Waɗannan ba caji suke riƙewa ba. Kowane ɗigon bayani ɗan siririn fiyus ne da ake tsinkewa da bugun wuta, sau ɗaya tak, ba gogewa ba gyara. Kowane kamfani kuma da nasa tsarin bugun, ko da aisin sun yi daidai a wajen karatu. 82S123 na Signetics da 74S288 na wani kamfanin suna zama a soket ɗaya, amma ba a ƙona su da tsari ɗaya. Tana kuma rubuta 2708 yadda takardar masana'anta ta tsara: ba a gama gurbi ɗaya (mazaunin bayit ɗaya) a wuce na gaba, ana zagaye dukkan gurabe 1024 ne da gajeren bugu na kusan bolt 26, a sake zagayowa, har jimillar bugun kowane gurbi ta kai milisakan 100.

Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne a kasuwar kayan hannu, kuma nauyinta yana sa kuɗin jigila ya yi gogayya da kuɗin saye. Jikinta ƙarfe ne mai ƙarko, amma ita ma ta haura shekara 40: kafasitocinta sun tsufa, wutarta tana son a auna a daidaita, manhajar cikinta kuma a kan irin EPROM ɗin da kake ƙoƙarin ceto take zaune. Sau da yawa sai ka gyara na'urar gyaran kafin ta yi maka aiki. Idan daga Amurka ta taso, dubi saitin wutarta kafin ka jona ta a bolt 230. Akwai na tsakiya, na shekarun 1990, daga BP Microsystems, Needham's da Xeltek, masu hawa tashar firinta da DOS. Kada ka sayi ko ɗaya sai ka tabbatar manhajarta da ƙananan katunan da take buƙata suna tare da ita.

Na'urorin da masu sha'awa suka ƙera don marayun aisi

Martin Eberhard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin motoci na Tesla, mai sha'awar tsofaffin kwamfutoci ne, kuma ya zana ME2700 musamman don aisin da na'urorin zamani suka yi watsi da su: 2704, 2708, TMS2716, 2532, da MCM68764 na Motorola. Yana da wata daban don 1702A. Ta RS-232 ake magana da su, ba ruwansu da irin kwamfutarka. Matsalar ita ce kaɗan-kaɗan ake yin su, sau da yawa kuma kai za ka yi sodar kayan da hannunka. Daga Jamus akwai Retro Chip Tester Professional, wadda ƙarfinta gwaji ne da karatu: tana gwada DRAM irin 4116 da 4164, tana karanta ROM da PROM masu yawa. Ta fi T48 tsada nesa ba kusa ba, amma mai gyaran kwamfutoci da yawa zai ga RAM ya fi ROM mutuwa.

Haɗin hannu da Arduino

Arduino Mega, ƙaramin fanel da kake rubuta wa shiri da kanka, tana da ƙafafu 54, sun isa a jona kowane ROM mai bolt 5 kai tsaye a karanta shi da gajeren shiri. Da Arduino Nano da aisin 74HC595 guda biyu ana rubuta 28C16 ko 28C64, tsarin da Ben Eater, mai koyar da lantarki a YouTube, ya yaɗa a darussansa. Dala 10 zuwa 20 sun isa. Daɗinta shi ne kai ke da iko da kowace ƙafa, don haka ROM mai baƙon tsari, kamar na Apple II da layukan zaɓensu suka saɓa wa na 2716, sauya waya biyu ne ko layi ɗaya a shiri. Ba ta kuma da bolt 12 da za ta watsa wa kowa bisa kuskure. Rubuta EPROM mai taga kuwa sai ka ƙara da'irar ɗaga wuta, ka kuma kiyaye lokaci da kanka: 2716 yana son bugun milisakan 50 a kowane gurbi, gurbi 2048, wato minti ɗaya da sakan arba'in da 'yan kai. Sannan 28C256 da yawa suna zuwa a kulle da kariyar rubutu, sai shirinka ya san jerin umarnin buɗewa. TommyPROM, wani buɗaɗɗen shiri na Arduino, ya tanadi wannan.

| Na'ura | Kimanin kuɗi | Wutar rubutu | Sauƙi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| TL866II Plus | dala 50–60 | har 18 | sosai | matsakaici | jabu. Ba ta rubuta masu 21 da 25 |
| T48 | dala 50–70 | har 25 | sosai | matsakaici | raunin USB. "Check ID" |
| GQ-4x4 | wajen dala 100 | har 25 | da dama | mai kyau | Windows kawai, direba |
| Willem | dala 25–40 | har 25, da gada | da wuya | rauni | kuskuren gada |
| Data I/O 29B | ɗaruruwan daloli | 2708 da PROM masu fiyus | sai an koya | ƙarfe ne, amma ta tsufa | ta iso a lalace |
| ME2700 | ya danganta da samu | marayun EPROM | da dama | mai kyau | wuyar samu, soda |
| Arduino | dala 10–20 | 5, sai an ƙara da'ira | sai mai haƙuri | yadda ka haɗa | kuskuren waya |

Abin da ba ya cikin kwalin kowacce

Idan za ka sake amfani da EPROM mai taga, sai da magogi: 'yar akwati mai fitilar UV ta nanomita 253.7, dala 15 zuwa 25. Minti 15 zuwa 20 ke mayar da kowane gurbi FF, wato a goge. Agogon da ke jikin masu arha ba abin dogaro ba ne, ka duba da na wayarka. Fitilar busar da farce ba ta gogewa, shanya aisi a rana kuma, bisa lissafin Intel, sai kamar mako guda. Hasken magogin yana ƙona ido, kada a kunna shi a buɗe.

Tambayar da ta fi rage kashe kuɗi ita ce: dole ne sai ka rubuta tsohon aisi? Sau da yawa a'a. 28C64 yana zama a gurbin 2764 a mafi yawan fanel. W27C512 na Winbond da lantarki ake goge shi, ba ya son fitila. 2364 na Commodore 64 ana maye shi da 27C64 a kan 'yar adafta mai juya ƙafa 28 zuwa 24, haka ma BIOS ɗin IBM 5150, in ba a samu MCM68766 mai shiga kai tsaye ba. A kula dai, 28C256 ba ya shiga gurbin 27256 haka nan, don aikin ƙafa ta 1 da ta 27 ya bambanta. Su kuma "sababbin" 27C da ake sayarwa da arha a intanet, da yawansu tsofaffi ne da aka kankare aka sake buga musu lamba, wani lokaci lambar ma ba tasu ba.

Kowace na'ura ka zaɓa, karatu ne farko. Karanta sau uku, ka gwada ko fayilolin sun zo ɗaya, ka goge ƙafafun da suka yi baƙi in sun saɓa, ka ajiye kwafi a wuri biyu. EPROM da ya fara mantuwa sifilinsa ne ke komawa ɗaya, kuma rage wutar karatu kaɗan ƙasa da bolt 5 kan dawo da gurabe masu rauni, in na'urarka ta yarda a taɓa wannan saiti. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe riga ke tartsatsi, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki aisi.

Wa ya dace da wacce

Mai Commodore 64, ZX Spectrum, Amiga, BBC Micro ko IBM PC da 'yan kwaikwayonta: T48, adaftar 2364, 'yan 27C ko W27C512, da magogi in zai yi amfani da masu taga. Wannan ya rufe kusan duk abin da zai gamu da shi.

Mai TL866II Plus a hannu wanda bai damu da sai aisin ya zama na asali ba: ya riƙe kuɗinsa, ya karanta tsoho ya rubuta a sabo.

Mai gyaran fanel da yawa masu 2716, 2732 da 2532, wanda kuma yake son mayar da irin aisin da ya ciro: GQ-4x4 da wutarta ta waje, ko T48 a kan mahaɗin USB mai wutar kansa.

Mai Altair, IMSAI ko wata S-100 da 2708, TMS2716 ko 1702A: na'urorin Eberhard. In yana da katin Bytesaver na Cromemco mai aiki, kwamfutar da kanta za ta rubuta masa 2708.

Mai buƙatar PROM mai fiyus guda ɗaya ko biyu: ya biya masu wannan sana'a su ƙona masa su aiko, ya fi sayen 29B sauƙi. Wanda zai riƙa yi wa wasu, shi ne ya kamata ya ɗauki nauyinta.

Ɗalibi mai son fahimtar yadda layin adireshi da na bayani ke aiki, ko mai ROM guda ɗaya mai baƙon tsarin ƙafa da kawai yake son kwashewa: Arduino Mega, wayoyi, da takardar bayanan aisin a buɗe a gefensa.